Ƙarfe Nawa ko Awa Nawa? Tsokaci a kan Rubuta Tsawon Lokaci da Siffar Agogo a Ƙaramar Taskar Umarnin Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba sauraron magana ko kallon majigi a waya ko a kwamfuta ya san wasu lambobi da ke fitowa a ƙasan allo, kamar 04:37 ko 01:02:05. Siffarsu ta agogo ce, amma aikinsu shi ne nuna tsawon abin da ake saurare. Ɗan guntun umarni ne ke fitar da su, wanda sau da yawa 'yan layuka ne kawai. Masu tsara manhaja sukan adana irin waɗannan umarni wuri ɗaya domin kowa ya ɗauka ya yi aiki da su, ba sai ya sake rubutawa ba. A wannan maƙala za a kira irin wannan ma'adana "taskar umarni", ko "taska" a taƙaice.

Dalilin wannan tsokaci shi ne wani abu da ya faru gare ni. Ɗalibaina sun ɗauko hirarraki da Hausawa mazauna unguwar Sabo a garin da nake koyarwa, muka tara tsawonsu a kwamfuta domin a biya masu juya maganar zuwa rubutu, tun da da awa aka yi jinga da su. Jimillar ta kama awa 26 da minti 15, amma sai na'ura ta nuna 02:15:00. Da ba mu sake lissafin da hannu ba, da haƙƙin mutane na awa 24 ya salwanta. Lissafin na'urar bai yi kuskure ba. Tambaya ce aka yi mata ta "awa nawa?", ita kuwa ta amsa "ƙarfe nawa?".

Manufar maƙalar ita ce a nuna cewa tsawon lokaci da lokacin agogo abubuwa biyu ne mabambanta waɗanda rubutu ya ba su tufa iri ɗaya, cewa akasarin kurakuran taskokin nan daga cakuɗa su ne suke tasowa, kuma harshen Hausa ya riga ya raba su a nahawunsa.

2.0 Yadda Hausa ta Raba Lokutan Biyu

A dubi waɗannan misalai:

(1) Malam ya iso da ƙarfe uku.
(2) Malam ya yi awa uku a hanya.

A jimla ta (1) ana nuna wani gurbi ne a cikin yini, wanda ake tambayarsa da "yaushe?" ko "ƙarfe nawa?". A jimla ta (2) kuwa ana auna tazara ce tsakanin tashi da isowa, wadda ake tambayarta da "awa nawa?". Kalmar "ƙarfe", wadda ake dangantawa da ƙarfen da akan buga domin sanar da lokaci, ta keɓanta da ma'ana ta farko. Kalmar "awa" da aka aro daga Ingilishi, da takwararta "sa'a" da aka aro daga Larabci, su ke ɗaukar ma'ana ta biyu. Ba a musanya su:

(3) *Malam ya yi ƙarfe uku a hanya.
(4) *Malam ya yi tafiyar ƙarfe ashirin da shida.
(5) Malam ya yi tafiyar awa ashirin da shida.

Misalai na (4) da (5) sun bayyana bambanci mafi muhimmanci. Lokacin agogo zagaye yake yi. A maganar yau da kullum yakan tsaya a sha biyu ya koma ɗaya, a bambance da "na safe", "na rana", "na yamma" ko "na dare". Ko a tsarin da ke ƙirga yini gaba ɗaya, ba ya wuce 24. Tsawon lokaci kuwa miƙewa yake yi, ba shi da iyaka. Haka kuma ana iya tara awa biyu da awa uku a sami awa biyar, alhali tara ƙarfe biyu da ƙarfe uku ba ya ba da wata ma'ana. Ga kuma batun wuri: ƙarfe uku a Kano ƙarfe biyu ne a Kumasi, amma awa uku awa uku ce a ko'ina.

Duk da wannan bambanci, idan aka zo rubutu da lambobi, "ƙarfe uku" da "awa uku" duka 03:00 ake rubuta su. A nan ne matsalar take, domin kama da wane ba ta wane.

3.0 Asalin Ma'aunan

Kafin a shiga aikin taskar, ya kamata a san dalilin da ya sa lissafin lokaci ya saɓa wa ƙirgan goma-goma da aka saba da shi. Kasa dare da rana kashi goma sha biyu-biyu ya samo asali ne daga tsohuwar Misira. Kasa abu kashi 60 kuwa gadon masu ilmin taurari na Babila ne. Amfanin 60 shi ne lambobi 12 ne ke raba ta ba saura: 1, 2, 3, 4, 5, 6, 10, 12, 15, 20, 30 da 60. Shi ya sa rabin awa da kwata suke faɗawa a kan cikakkun mintoci, wato 30 da 15.

A yau sakan ne tushen ma'aunin. Tun 1967 aka daina ɗora ma'anarsa a kan motsin duniya, aka mayar da shi tsawon kaɗawa 9,192,631,770 na hasken da ke fita daga ƙwayar sinadarin siziyam-133. A kan wannan aka gina sauran: minti sakan 60 ne, awa sakan 3,600, kwana kuma sakan 86,400. Kwamfuta ba ta ajiye tsawon lokaci da awa da minti. Lamba ɗaya tak take riƙewa, ta sakan ko ta kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Aikin taska shi ne ta mayar da wannan lamba zuwa siffar da idon mutum ya saba da ita.

4.0 Yadda Taskar ke Aiki

A ɗauka an ba taska lamba 3,725. Matakan da za ta bi guda huɗu ne:

(6) a. A raba 3,725 da 3,600. An sami 1, saura 125. Awa ke nan.
b. A raba sauran 125 da 60. An sami 2, saura 5. Minti ke nan.
c. Sauran 5 shi ne sakan.
d. A cike kowane gurbi ya zama lamba biyu ta hanyar sa sifili a gaba, a raba guraben da ruwa biyu: 01:02:05.

Matakai ukun farko rabawa ce da riƙe saura, irin wadda ake koyarwa a firamare. Mataki na huɗu ka'idar rubutu ce, kuma yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. In babu sifilin cikon gurbi, minti biyu da sakan biyar zai fito 2:5, mai karatu kuwa yana iya ɗaukarsa 2:50. Sifilin nan ba ya ƙara wa lissafi kome, gurbi kawai yake tsarewa, kamar yadda yake yi a 105.

Ƙanƙantar wannan aiki ba ta rage masa daraja ba. A watan Maris na 2016 mawallafin wata taska mai suna left-pad ya janye ta daga rumbun npm, inda masu aiki da harshen JavaScript suke ɗaukar taskoki. Layi 11 ne kacal a cikinta, kuma ba ta da wani aiki sai cike gurbi ta hagu. Janye ta ya dakatar da ayyuka masu yawan gaske da suka dogara da ita, har da manya irin su Babel. A ƙa'idar harshen ta 2017 an shigar da umarnin cike gurbi a cikin harshen kansa.

5.0 Wuraren da Ake Tuntuɓe

5.1 Wuce Awa 24

Wasu masu tsara manhaja sukan bi gajeriyar hanya. Maimakon su yi rabawar da aka nuna a (6), sai su miƙa lambar ga sashen kwamfuta mai lura da kwanan wata, su ce ya ƙirga sakan ɗin daga sha biyun dare na 1 ga Janairu 1970, wato mafarin ƙirgan lokaci a tsarin Unix, sannan su kwafi abin da agogo ya nuna. Muddin tsawon bai kai kwana ɗaya ba, amsar takan fito daidai. Awa 26 da minti 15 kuwa sakan 94,500 ne. Agogo zai cinye 86,400 ya shiga 2 ga Janairu, ya bar 8,100, wato 02:15:00. Abin da ya same mu ke nan.

Manhajar Excel ma tana da irin wannan hali, domin ta ɗauki lokaci a matsayin ɓangare na kwana, inda 0.5 yake nufin sha biyun rana. Wanda ke son jimilla ta wuce 24 dole ya sa harafin awa a cikin baka mai kusurwa, wato [h]:mm:ss, sannan ne za ta nuna 26:15:00. Harshen Python ya zaɓi wata hanyar: yakan fitar da kwanakin daban da kalmar Ingilishi, sannan ya biyo da 2:15:00. Rumbun bayanai na MySQL kuwa ya yarda awa ta haura 24, amma ya yi mata iyaka a 838:59:59. Kowace taska tilas ta yanke hukunci a kan wannan batu, ta kuma bayyana shi ga masu amfani da ita.

5.2 Bambancin Agogon Ƙasashe

Gajeriyar hanyar nan tana da wata illa ta biyu. Mafarin 1970 an ɗora shi ne a kan agogon Girinwich. Nijeriya da Nijar suna gaba da shi da awa ɗaya, Gana kuwa daidai take da shi. Saboda haka idan taska ta karanta agogon gari, sakan 3,725 zai fito 01:02:05 a Akara, ya fito 02:02:05 a Legas ko Yamai. Wanda ya gwada taskarsa a Gana zai rantse lafiyarta lau, ɗan'uwansa a Nijeriya kuwa kowane faifai ya ƙaru da awa guda. Abin mamaki, a Landan ma awar takan ƙaru, domin daga 1968 zuwa 1971 Birtaniya ta riƙe agogonta gaba da Girinwich da awa ɗaya, rani da damina. Tun da tsawon lokaci ba shi da gari, bai kamata lissafinsa ya bi ta kan agogon kowane gari ba.

5.3 Cike Ɓurɓushin Sakan

Na'urar ɗaukar magana takan ba da tsawo da ɓurɓushi, kamar sakan 119.7. Idan taska ta fara rabawa, za ta sami minti 1, saura 59.7. Idan kuma ta cike sauran zuwa cikakkiyar lamba, sai ta rubuta 01:60, wanda ba shi da gurbi a tsarin. Gyaran shi ne a cike tun kafin a raba: 119.7 ya zama 120, ya fito 02:00. Ya kamata a lura cewa a lokacin agogo akan sami sakan na 60. Tun 1972 an yi ta ƙara sakan ɗaya jefi-jefi domin daidaita agogo da juyawar duniya, har sau 27, kuma wanda aka ƙara a ƙarshen 31 ga Disamba 2016 an rubuta shi 23:59:60. A rubutun tsawon lokaci kuwa, 60 a gurbin sakan kullum kuskure ne.

5.4 Lokaci Mai Alamar Ɗebewa

Akan buƙaci nuna lokacin da ya rage, ko gibin da ke tsakanin faifai biyu, da alamar ɗebewa. A ɗauki sakan -75. Abin da mutum ke sa ran gani shi ne -01:15. Harsunan kwamfuta kuwa sun saɓa a kan yadda ake fitar da saura a irin wannan lamba. A C da JavaScript sauran yakan ɗauki alamar, har rubutu ya fito -1:-15. A Python rabawa takan gangara ƙasa, a sami -2 da saura 45. Hanyar tsira ita ce a cire alamar a ajiye, a yi lissafi da 75, sannan a mayar da ita a gaban amsar sau ɗaya.

5.5 Gurbi Biyu ko Uku

A 1999, a birnin Rum, Hicham El Guerrouj na Maroko ya yi gudun mil ɗaya cikin 3:43.13. A 2023, a Chicago, Kelvin Kiptum na Kenya ya kammala gudun fanfalaki cikin 2:00:35. Na farko minti uku ne da 'yan kai, na biyu awa biyu. Idan aka yanke ƙarshensu aka bar 3:43 da 2:00, babu abin da zai nuna wanne ne ya fi tsawo. Mai bin wasanni yakan gane daga yanayin magana, amma na'ura ba ta da wannan basira. Domin kauce wa haka ne ma'aunin ISO 8601, wanda aka fara bugawa a 1988, ya tanadi siffa ta musamman ga tsawon lokaci: sakan 3,725 shi ne PT1H2M5S, inda kowace lamba take tafe da harafin ma'auninta. Siffar ba ta da daɗin karatu, amma ba ta da harshen damo.

Wannan batu ya shafi manazarta harshe kai tsaye. Praat tana auna magana da sakan da ɓurɓushinsa, ELAN kuwa tana iya nuna awa da minti da sakan da kashi cikin dubu. A rubutun fassarar da ke bin majigi, tsarin SubRip waƙafi yake sawa kafin ɓurɓushi, 00:01:02,500, shi kuwa WebVTT ɗigo yake sawa, 00:01:02.500. Wanda ke kai bayanai daga wannan zuwa wancan, taska ce ke juya masa lambobin, kuma kuskurenta yana iya ɗora rubutu a kan maganar da ba tasa ba.

6.0 Idan Taskar za ta yi Hausa

Lambobi da ruwa biyu ba su da harshe. Amma da zarar an so taska ta rubuta tsawon da kalmomi, ko na'ura ta karanta wa makaho abin da ke kan allo, sai nahawu ya shigo. Ma'ajiyar CLDR ta ƙungiyar Unicode, wadda manhajoji da dama ke ɗaukar ƙa'idojin harsuna daga gare ta, ta ƙunshi Hausa, don haka hukuncin da aka yanke a irin wannan wuri yana isa ga wayoyi masu yawa. Ga abubuwan da ya kamata a kula da su.

Na farko, jerin kalmomi. A Hausa ma'auni ne ke gabatar lamba. Taskar da aka gina a kan Ingilishi, mai liƙa lamba sannan ma'auni, za ta haifar da (7) maimakon (8):

(7) *1 awa 2 minti 5 sakan
(8) awa 1 da minti 2 da sakan 5

Na biyu, jam'i. Taskoki sukan tanadi siffar tilo ga 1, da ta jam'i ga sauran lambobi. Hausa kuwa ta fi son tilo a gaban lamba idan ana awo: "awa uku", "minti goma", "kwana bakwai". Ana jin "sa'o'i uku" da "mintuna goma", musamman a kafofin watsa labarai, amma ba tilas ba ne. Zaɓen tilo a ko'ina ya fi sauƙi, ya kuma fi kusa da bakin jama'a.

Na uku, gurbin da ba kome. Lambar 2:00:35 ba a karanta ta "awa biyu da minti sifili da sakan talatin da biyar". Bahaushe yakan tsallake abin da babu, ya ce "awa biyu da sakan talatin da biyar". Ke nan sifilin da ya zama dole a rubutun lamba, dole ne kuma a jefar da shi a rubutun kalmomi.

Na huɗu, aikin "da". Wannan kalma tana haɗa goma-goma da ɗai-ɗai, tana kuma haɗa ma'auni da ma'auni. A "awa ashirin da shida da minti goma sha biyar", ambaton "minti" ne ya nuna inda lambar awa ta ƙare. Idan aka jefar da sunan ma'auni aka ce "awa ashirin da biyar", ba wanda zai fahimci awa 20 da minti 5. Don haka sunan kowane ma'auni dole ya bayyana.

Na biyar, zaɓen kalma. Ga ma'aunin awa 24, "kwana" ne daidai, domin da shi Hausawa ke ƙirga tsawo, "rana" kuwa ta fi nuni ga gurbi a kalanda ko kishiyar dare. Akwai kuma batun "daƙiƙa". A Larabci, inda aka aro ta, minti take nufi, amma a Hausa ta fi yaɗuwa da ma'anar sakan, ko da yake wasu, musamman masu zurfi a karatun Larabci, suna amfani da ita a ma'anarta ta asali. Kalmar da mutum biyu za su iya fassarawa da bambancin ninki sittin ba ta dace da allon na'ura ba. Shi ya sa aka zaɓi "sakan" a wannan maƙala. Gajarce kalmomin ma yana da haɗari: "sa'a" da "sakan" da harafi ɗaya suka fara, kuma harafin "d" na "daƙiƙa" shi ne wanda taskokin Ingilishi suka ware wa kwana.

Na shida, kuma mafi girma, na'ura mai karatu dole ta san wane irin lokaci ne a gabanta kafin ta furta shi. Idan ta tarar da 03:00, ko dai ta ce "ƙarfe uku", ko "awa uku", ko "minti uku". Hausa ba ta bar mata mafakar da za ta faɗi lambobin kawai ta wuce ba.

7.0 Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa mayar da sakan zuwa siffar agogo lissafi ne mai sauƙi, na rabawa sau biyu da cike gurbi. An kuma nuna cewa manyan kurakuran da ake samu, wato komawa sifili bayan awa 24 da ƙaruwar awa saboda agogon gari, duka sun taso ne daga ɗaukar tsawon lokaci a matsayin lokacin agogo. Sauran kuwa, na ɓurɓushi da alamar ɗebewa da yawan gurabe, hukunce-hukunce ne da ya wajaba mai taska ya yanke da saninsa, ya kuma rubuta su a fili.

Shawarar da za a bayar ga manazarta ita ce, duk wanda zai dogara da irin wannan taska a aikinsa ya fara gwada ta da lambobi huɗu: 0, da 119.7, da 94,500, da -75. Idan ta ba da 00:00:00, da 00:02:00, da 26:15:00, da -00:01:15, ana iya amincewa da ita. Ga masu ƙirƙirar kalmomin fannu kuma, ya kamata a kiyaye rabon da harshe ya riga ya yi tsakanin "ƙarfe" da "awa" a duk inda ake fassara manhaja. Zai yi kyau malaman sauran harsunan Nijeriya su duba yadda nasu harsunan suke raba waɗannan ma'anoni biyu, domin a kwatanta, a kuma samar wa masu tsara manhaja ƙa'idar da za su bi.